ZARE: Yadda shugaban Amurka ya samu ikon ƙaƙaba harajin ƙarfe da sa hannu ɗaya

1/ Zare 🧵
A watan Yunin 2025 Trump ya ninka harajin ƙarfe da alminiyam da ake shiga da su Amurka, daga kashi 25 zuwa kashi 50 cikin 100. Majalisa ba ta kaɗa ƙuri'a ba, takarda kawai ya sa wa hannu. Wani abokin karatuna ya ce min, "To ai shi ne shugaban ƙasa." Tarihi bai ce haka ba fa. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da harajin kansa. Kuɗin fito ne, wanda kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su. Mai biya shi ne kamfanin Amurka da ya yi odar kayan. Ka sayo ƙarfen dala 100 daga Kanada, sai ka ba kwastan ɗin ƙasarka dala 50 kafin kaya su bar tasha. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Kundin tsarin mulkin Amurka bai yi nuƙu-nuƙu ba a wannan batu. A babi na 1, sashe na 8, Majalisar Dokoki ya ba ikon sanya haraji da kuɗin fito, da tsara ciniki da ƙasashen waje. Ba a ambaci shugaban ƙasa a wurin ba. Mutanen da suka yi wa Sarkin Ingila tawaye kan haraji ba za su damƙa shi hannun mutum ɗaya ba.

4/ Ɗaya daga cikin dokokin farko da majalisar ta yi ma ta kuɗin fito ce, George Washington ya sa mata hannu ranar 4 ga Yulin 1789. Kafin harajin kuɗin shiga ya kafu a 1913, da kuɗin kwastan gwamnatin tarayya take ɗaukar babban kaso na ɗawainiyarta. Shi ya sa 'yan majalisa suka riƙe abin gam.

5/ Kuma abin rigima ne tun asali. Masu masana'antu na arewacin ƙasar suna son haraji mai tsauri don a kare kayansu. Manoman auduga na kudu, masu sayarwa Turai su sayo kaya daga can, suna ganin zalunci ne. Kan wannan ne jihar South Carolina ta ce a 1832 ba za ta bi dokar harajin tarayya ba, har aka kusa zare takobi.

6/ To, ta yaya ikon ya bar majalisa? Labarin ya faro ne daga wata doka ta 1930 da ake kira Smoot-Hawley, sunan Sanata Reed Smoot na Utah da ɗan majalisar wakilai Willis Hawley na Oregon. Da niyyar taimaka wa manoma aka fara ta.

7/ Amma da ta shiga zauren majalisa sai ta zama kasuwar bukata. Wannan ya ce a kare sukarin jiharsa, wancan ya ce a kare katakonsa, ka ɗaga min hannu in ɗaga maka. Kafin a gama, an ƙara haraji kan kaya sama da 20,000.

8/ Masana tattalin arziki sama da 1,000 suka rubuta wa Shugaba Herbert Hoover takarda, suna roƙon kada ya sa hannu. Ya sa a watan Yunin 1930. Kanada, babbar abokiyar cinikinsu, ta rama. Ƙasashen Turai ma suka ɗaga nasu shingen.

9/ Tsakanin 1929 da 1934 cinikin duniya ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. A yi adalci: ba wannan doka ce ta haddasa karyewar tattalin arzikin wancan zamani ba, an riga an shiga ciki. Ita dai ta ƙara wa wuta fetur. Smoot da Hawley duka sun rasa kujerunsu a zaɓen 1932.

10/ Majalisa ta ji kunya, ta kuma gane cewa ba za ta iya ce wa masu kamun ƙafa a'a ba. A 1934, zamanin Franklin Roosevelt da sakataren harkokin wajensa Cordell Hull, ta yi dokar da ta ba shugaban ƙasa damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa, ya rage haraji har kashi 50 ba tare da ya dawo neman ƙuri'a ba.

11/ Ku lura da manufar. An ara wa shugaban ƙasa ikon ne da tunanin cewa shi ƙasa duka ce ta zaɓe shi, ba zai biye wa masana'antar gari ɗaya ba, don haka haraji zai riƙa sauka. Shekaru da dama lissafin ya yi daidai. A 1947 ƙasashe 23 suka sa hannu kan yarjejeniyar GATT a Geneva, wadda daga baya ta haifi WTO.

12/ Kafin mu ci gaba, akwai wani labarin ƙarfe da zai nuna muku iyakar ikon shugaba. Afrilun 1952, ana tsakiyar yaƙin Koriya, ma'aikatan ƙarfe suka shirya yajin aiki. Shugaba Harry Truman ya ba da umarni gwamnati ta karɓe masana'antun, wai sojoji na bukatar ƙarfe.

13/ Kamfanonin suka garzaya kotu. A watan Yuni Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Youngstown, alƙalai 6 da 3: Truman ba shi da wannan iko, domin babu dokar majalisa da ta ba shi. Ana cikin yaƙi fa, kuma shi ne babban kwamandan askarawa. Darasin: kalmar "tsaro" kaɗai ba ta isa ba, sai da takardar majalisa.

14/ Takardar ta zo. Lokacin yaƙin cacar baka ne, ana tsoron kada rage haraji ya kashe masana'antar da za a nema ranar yaƙi. Sai aka fara saka sharaɗin tsaro a dokokin ciniki tun shekarun 1950. A Oktoban 1962 John Kennedy ya sa hannu kan dokar faɗaɗa ciniki, sharaɗin ya zauna a cikinta a matsayin Sashe na 232.

15/ Abin dariyar shi ne dokar 1962 ta rage haraji ce. An yi ta ne don Kennedy ya samu damar sasantawa da kasuwar bai-ɗaya ta Turai. Sashe na 232 ƙaramar ƙofar baya ce da aka bari saboda ko-ta-kwana.

16/ Yadda yake aiki a yau: Ma'aikatar Kasuwanci ta buɗe bincike kan wani kaya, tana da kwana 270 ta kawo rahoto. In ta ce shigo da kayan na barazana ga tsaron ƙasa, shugaba na da kwana 90 ya yanke shawara. In ya amince, zai iya ɗaukar matakin da ya ga ya dace don daidaita shigowar kayan.

17/ Ga inda gizo ke saƙa. Dokar ba ta sa iyakar kashi nawa harajin zai kai ba. Ba ta sa wa'adin ƙarewa ba. Ba ta ƙuntata ma'anar tsaro ba, ta ma ce a duba lafiyar masana'antun cikin gida da rashin aikin yi. Mai binciken kuwa minista ne da shugaban ya naɗa da hannunsa.

18/ Shekaru da yawa man fetur ne aka fi amfani da sashen a kansa. Jimmy Carter ya hana sayen man Iran da shi a 1979, Ronald Reagan ya hana na Libiya a 1982. Amma wanda ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne na Gerald Ford a 1975, da ya ɗora dala 1 kan kowace gangar mai da aka shigo da ita.

19/ Gwamnonin wasu jihohi da kamfanonin lantarki suka kai ƙara, suka ce wannan haraji ne, haraji kuwa na majalisa ne. A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Algonquin, baki ya zo ɗaya: majalisa ta ba da aron ikon bisa ƙa'ida, kuma ya haɗa da ɗora kuɗi. Wannan hukunci ne garkuwar Trump har gobe.

20/ Bayan Reagan ya yi amfani da sashen kan injinan ƙere-ƙere a 1986, sai aka jingine shi. A 2001 ma an binciki tama da ƙarfen da ba a gama sarrafawa ba a ƙarƙashinsa, Ma'aikatar Kasuwanci ta ce babu wata barazana ga tsaro. Ku tuna da wannan amsa, don bayan shekara 17 ma'aikatar za ta ba da akasinta.

21/ Me ya sa kullum ƙarfe? Siyasa. A farkon shekarun 1950 mutum sama da rabin miliyan ke aiki a masana'antun ƙarfen Amurka, yau ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba. Garuruwa irin su Pittsburgh da Youngstown da Gary sun ga tasku. Kuma Pennsylvania da Ohio jihohi ne da suka sha raba gardamar zaɓen shugaban ƙasa.

22/ Sai dai ba ƙarfen waje kaɗai ya ci guraben ba. Fasaha ta canza. Yanzu kusan kashi 70 na ƙarfen Amurka daga tukwanen lantarki yake fitowa, masu narka tsohon ƙarfe, irin wanda 'yan gwangwan ke tarawa. Kamfanoni irin su Nucor suna fitar da tan mai yawa da ma'aikata kaɗan. Haraji ba ya dawo da gurbin da inji ya cinye.

23/ Gwaji na farko a wannan ƙarni: George W. Bush, Maris 2002. Ya ɗora har kashi 30 kan wasu nau'o'in ƙarfe. Amma ta wata ƙofa ya bi, Sashe na 201 na dokar 1974. Wannan tana da sharuɗɗa: sai hukumar ciniki mai zaman kanta ta tabbatar masana'antar ta ji rauni sosai, kuma akwai wa'adi.

24/ Tarayyar Turai da Japan da China da wasu suka kai ƙara WTO, suka yi nasara a Nuwamban 2003. Turai ta shirya ramuwa kan kayan sama da dala biliyan 2, ta sa lemun Florida cikin jerin. Wanda ya san yadda Bush ya ci zaɓen 2000 ya san me ya sa Florida. A farkon Disamban 2003 Bush ya janye harajin.

25/ Trump bai bi wannan ƙofa mai sharuɗɗa ba. A Afrilun 2017 ministan kasuwancinsa Wilbur Ross, wanda shi kansa ya taɓa sayen kamfanonin ƙarfe da suka karye, ya buɗe bincike a ƙarƙashin Sashe na 232. Rahoto ya ce akwai barazana. Ranar 8 ga Maris 2018 aka sa hannu: kashi 25 kan ƙarfe, 10 kan alminiyam.

26/ Ministan tsaro na lokacin, James Mattis, ya rubuta cewa bukatar sojoji ba ta wuce kusan kashi 3 na ƙarfe da alminiyam da Amurka ke samarwa a gida ba, ya kuma nuna damuwa kan ƙawayen ƙasar. Wato ma'aikatar da tsaro ke hannunta ba ta ce ƙarfen tankar yaƙi zai yanke ba.

27/ A yi wa masu goyon baya adalci, suna da hujja. China na samar da sama da rabin ƙarfen duniya, kimanin tan biliyan 1 a shekara, Amurka kuwa wajen miliyan 80. Da tallafin gwamnati aka gina yawancin masana'antun China, rarar na karya farashi a ko'ina. Ƙasar da ta bar tukwanenta suka mutu, sake kunna su ba wasa ba ne.

28/ Matsalar ita ce ƙarfen China da ke shiga Amurka kai tsaye kaɗan ne, don an riga an toshe shi da wasu harajin tun kafin nan. Manyan masu kai mata ƙarfe su ne Kanada, Birazil, Meziko da Koriya ta Kudu. Alminiyam kuwa galibi daga Kanada, inda lantarkin madatsun ruwan Quebec ke da araha. An auna China, dutse ya sauka kan maƙwabta.

29/ Ramuwa ba ta ɗau lokaci ba. China ta fara a Afrilun 2018 da kaya 128, har da naman alade da 'ya'yan itatuwa. A watan Yuni Turai ta ɗora haraji kan kayan Yuro biliyan 2.8. Kanada ta biyo baya ranar 1 ga Yuli da kayan dalar Kanada biliyan 16.6.

30/ Ku dubi zaɓin Turai: baburan Harley-Davidson daga Wisconsin, jihar kakakin majalisar wakilai na lokacin Paul Ryan, da giyar Kentucky, jihar jagoran majalisar dattawa na lokacin Mitch McConnell. Salon lemun Florida ne aka maimaita. Harajin babur ya tashi daga kashi 6 zuwa 31, Harley ya ce zai mayar da wani ɓangare na ƙirarsa waje.

31/ A gida akwai waɗanda suka dara. A Granite City ta jihar Illinois, U.S. Steel ya sake kunna tukwanen da ya kashe, ɗaruruwan ma'aikata suka koma bakin aiki. Ga iyalan nan wannan ba lissafin takarda ba ne, abinci ne ya dawo gida.

32/ Akwai kuma waɗanda suka koka. A Poplar Bluff ta Missouri, kamfanin ƙusa mafi girma a ƙasar, mai sayo wayar ƙarfe daga Meziko, ya rasa kwastomomi ya sallami ma'aikata. Shugaban Ford na lokacin ya ce harajin ya ci musu kusan dala biliyan 1. Masu aiki da ƙarfe, daga mota zuwa gwangwanin lemo, sun ninka masu narka shi sau da yawa.

33/ A 2023 hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka, USITC, ta fitar da lissafi. Shigo da ƙarfen da harajin ya shafa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfen gida ya ɗan ƙaru. Amma darajar kayan da masana'antun da ke amfani da ƙarfe da alminiyam ke samarwa ta ragu da sama da dala biliyan 3 a shekara. Kusan duk nauyin kan masu shigo da kaya na Amurka ya faɗa. Kun tuna lamba 2?

34/ Wani abu kuma ya bayyana: ikon da ba shi da linzami yakan zama sanda. A Agustan 2018, ana tsaka da rikici da Turkiyya kan wani faston Amurka da ke tsare, Trump ya ninka harajin ƙarfen Turkiyya zuwa kashi 50. Wani mai shigo da kaya ya kai ƙara cewa wa'adin doka ya wuce. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shugaba gaskiya a 2021.

35/ Ƙungiyar masu shigo da ƙarfe ma ta ƙalubalanci sashen gaba ɗaya, ta ce majalisa ta yi kyauta da abin da ba ta da ikon kyautarwa. Kotuna suka ce hukuncin 1976 ya ɗaure musu hannu, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. Truman ya faɗi don ba shi da takarda. Trump yana da ita.

36/ WTO fa? A Disamban 2022, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na shugabancin ƙungiyar, kwamitin shari'a ya ba China da Norway da Switzerland da Turkiyya gaskiya. Gwamnatin Biden ta ce babu wanda zai faɗa wa Amurka mene ne tsaronta. Ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ta daina aiki tun 2019, saboda Amurkar ta hana naɗa alƙalai.

37/ Eh, Biden. Bai soke harajin ba. Ya dai sassauta wa Turai a 2021, sai Japan da Birtaniya a 2022, ta hanyar ƙayyade adadin da zai shiga ba haraji. Wannan ya nuna abin ya wuce halin mutum ɗaya. Duk wanda ya hau kujerar ya tarar da sandar a jingine, ba ya son ajiye ta.

38/ Da Trump ya dawo, a Fabrairun 2025 ya soke duk sassaucin, alminiyam ya koma 25 daga 12 ga Maris. Ranar 4 ga Yuni duka biyun suka koma 50, aka bar Birtaniya a 25. An faɗaɗa shi zuwa ƙarfen da ke jikin firij da injin wanki. Da sashen dai aka ɗora wa motoci da tagulla nasu.

39/ Kada a haɗa shi da harajin gama-gari na Afrilun 2025. Wancan ta dokar ta-ɓaci ta 1977 ya fito, wadda ba ta ma ambaci kalmar haraji ba, shi ya sa rigimarsa ta kai Kotun Ƙoli. Na ƙarfe gindinsa ya fi ƙarfi: akwai bincike, akwai rahoto, akwai hukuncin Algonquin.

40/ To me za mu sa rai? Abin da 1930 da 2002 da 2018 suka nuna. Na ɗaya, farashin ƙarfe a Amurka zai zarce na kasuwar duniya, mai ƙera mota da mai gini su biya, su juye wa mai saye. Na biyu, masu ramuwa za su ci gaba da auna manoma da jihohin da zaɓe ke zafi. Kanada ta riga ta rama tun Maris 2025.

41/ Na uku, ƙarfen da aka hana shiga Amurka ba ɓacewa zai yi ba, wata kasuwa zai nema. Shi ya sa Turai ta kafa nata shingen a Yulin 2018, kuma a Oktoban 2025 ta gabatar da shirin rage adadin da ke shiga ba haraji da kusan rabi, ta kai harajin sauran kashi 50. Shinge na haifar da shinge.

42/ Ƙasashen da ba su da ƙarfin rama wa su ne a tsaka mai wuya. Afirka ta Kudu ta nemi a cire ta daga harajin 2018, ba a cire ta ba, kuma shirin AGOA bai kare ta ba. In babbar ƙasa za ta kira "tsaro" ta tsallake doka, kotun da ƙaramar ƙasa za ta kai kuka kuma a rufe take, ina za a je?

43/ Majalisa za ta iya karɓe ikonta? A takarda, eh. Sanatoci irin su Bob Corker a 2018, da Pat Toomey da Mark Warner a 2019, sun kawo ƙudurin tilasta neman amincewarta. Babu wanda ya zama doka. Ko da ya wuce, shugaba zai hau kujerar na-ƙi, sai an samu kashi biyu cikin uku a majalisun biyu kafin a danne shi.

44/ Wato da rinjaye mai sauƙi aka ba da aron ikon, amma karɓo shi sai da kashi biyu cikin uku. Majalisar da ta tsorata da kanta a 1930 ta miƙa wuƙar ga wanda take zaton zai riƙa rage haraji, ba ta tanadi ranar da zai so ƙarawa ba. Amsar da na ba abokina kenan.

45/ Nan zan tsaya, karatu na jirana. Ɗaliban shari'a da na tattalin arziki, in kun ga gyara ku ajiye a ƙasa, mu ƙaru da juna. Wanda ya amfana ya tura wa wani.